Yadda za ka haɗa wa ɗan ƙadangare mai gemu zafi da haske a Legas

Ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, asalinsa daga busassun dazuzzuka da bakin hamadar tsakiyar Ostireliya yake. Waɗanda ake sayarwa a Legas kiwo ne aka haifa a keji, domin ƙasar tasu ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960. Haihuwar keji ba ta canza masa jiki ba. Har yanzu dabba ce da ba ta iya ɗumama kanta, kuma da hasken rana take gina ƙashinta.

Abin da ya fi halaka 'ya'yan wannan dabba a nan shi ne maganar da mai sayarwa kan yi wa mai saye: “Ai Legas akwai zafi, ba ya buƙatar komai.” Zafin Legas na gaske ne, amma ba irinsa dabbar ke nema ba. Ɗakin da ke Agege ko Idi-Araba a watan Maris yana iya kai digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, ko'ina ɗaya, ga iska jiƙe da laima. Ƙadangaren kuwa yana son wuri guda mai zafi sosai, wuri guda mai sanyi, iska busasshiya, da wani haske da ido ba ya gani wanda ba ya ratsa gilashin taga. Ɗakinmu ba ya ba shi ko ɗaya daga cikin huɗun nan sai an haɗa masa.

Ɗan ƙarami ya fi babba shiga haɗari. Yana fitowa daga ƙwai bai wuce santimita 10 ba, amma cikin shekara guda zuwa shekara da rabi yakan kai santimita 45 ko fiye. Duk wannan ƙashi a ƙarƙashin fitilarka zai gina shi, kuma ƙafar da ta lanƙwashe a watannin farko ba ta miƙewa daga baya.

Mataki na farko: keji da wurin ajiye shi

Kada ka fara da fitila, fara da keji, domin girmansa ne zai nuna ko za a samu bambancin zafi a ciki. Awon da ya dace da babba shi ne tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Shawararmu ita ce ka haɗa wannan tun farko ko da ɗan yana ƙarami. A ƙaramin akwatin kifi na santimita 60, da zarar ka kunna kwan zafi duk cikin ya ɗauka, dabbar ba ta da inda za ta gudu. A ƙasashen sanyi ana iya lallaɓawa da ƙaramin keji na ɗan lokaci; a Legas ba ya yiwuwa.

A sa rufin saman ya zama na raga, a kuma buɗe wasu ramukan iska a jikin bango, ƙasa-ƙasa a ɓangaren sanyi. Iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama kusa da fitila, ta kwashe laima. Idan kafinta ko mai aikin alminiyon zai haɗa maka, ka ce masa ragar ƙarfe mai manyan idanu kake so. Ragar sauro ta taga ta yi ƙanƙanta, tana tare haske da yawa, ta roba kuma narkewa za ta yi ƙarƙashin kwan.

Ajiye kejin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kicin da banɗaki, nesa da tagar da rana ke faɗowa kai tsaye. Rana a kan kejin gilashi tana iya kashe ɗan cikin ƙasa da awa guda, kuma ba ta ba shi hasken da yake buƙata, tunda gilashin ya tare. Idan ɗakin na saman bene ne ƙarƙashin kwano ba silin kirki, nemi wani ɗakin.

Mataki na biyu: wurin shan zafi

Dubi ƙadangaren gida mai jan kai da hantsi, yadda yake hawa katanga ya baje jiki har sai ya ɗumama kafin ya fara farauta. Danginsu ɗaya da mai gemu, kuma abin da za ka haɗa a kusurwa ɗaya ta kejin ke nan: katanga da hantsi.

Sa faffaɗan dutse ko tayil mai kaushi a ƙarshen keji, a ɗaga shi a kan bulo ko kututture, ya zauna daram yadda ba zai motsa ya danne shi ba. Faɗinsa ya ɗauki dukan jikin dabbar. Sama da shi za a rataya kwan zafi. Wanda ya fi dacewa shi ne kwan halojin mai baza haske, irin wanda aka rubuta PAR30 ko PAR38 a kwalinsa, ko kuma kwan da aka yi musamman don dabbobi masu rarrafe. Guji mai tattara haske wuri guda kamar tocila, domin yana ƙona tsakiyar baya ya bar ƙafafu da wutsiya da sanyi. Kwan LED da ya cika kasuwa yanzu ba ya ba da zafi, komai haskensa. A sashen kayan wuta na kasuwar Alaba ka faɗa wa mai shago ƙarara cewa mai zafi kake nema, in ba haka ba LED zai miƙo maka. Mazaunin kwan ya zama na tangaran, na roba yana narkewa.

Zafin da ake nema a saman dutsen ga ɗan ƙarami shi ne digiri 40 zuwa 43 a ma'aunin Salshiyos. A nan ne mutanen Legas za su bambanta da abin da suke karantawa a intanet. Masu rubutu daga Ingila ko Amurka suna cewa wat 100 ko 150 saboda ɗakunansu na kusan digiri 20 ne. Kai da ɗakinka ke kan 29 ko 30, fara da wat 50. Kunna shi, bar shi awa biyu zuwa uku dutsen ya gama ɗauka, sannan ka auna. In bai kai 40 ba, ɗaga dutsen kaɗan ko ka koma wat 75. In ya wuce 43, ɗaga fitilar sama ko ka sa mata makunnin rage haske. Mafi kwanciyar hankali shi ne tamostat, wato na'urar daidaita zafi da kanta, mai rage ƙarfin kwan a hankali. Irin mai kashewa da kunnawa bai dace da kwan haske ba, yana sa keji ya riƙa yin dare da rana sau goma a wuni, kwan kuma ya mutu da wuri.

Awon yana da nasa ƙa'ida. Ɗan ma'aunin nan mai allura da ake mannawa a gilashi ba ya faɗin komai game da dutsen. Kana buƙatar abu biyu: bindigar auna zafi don saman dutse, da ma'aunin dijital mai waya don iskar ɓangaren sanyi. A lura da bindigar goshi da ta yawaita lokacin korona. An saita ta ne don jikin mutum, iyakarta wajen digiri 43, sama da haka ba ta ba da lamba. In tana da maɓallin auna kaya, juya ta can. In babu, nemi irin ta masu gyaran injin.

Zafi daga sama yake zuwa wa ƙadangaren. Yana da wani ɗan ido a tsakiyar ka da ke gane haske da inuwa, kuma da bayansa yake karɓar zafi. Don haka dutsen roba mai ɗumama kansa da lantarki da tabarmar zafi ta ƙarƙashin keji ba su da wuri a nan. Dutsen lantarkin ya sha ƙona cikin dabbobi, domin sukan kwanta a kai ba su tashi ba har fata ta lalace.

Mataki na uku: hasken UVB

Wannan shi ne wurin da kuɗi ke tafiya, kuma wurin da ba a yin rowa. Fatar ƙadangaren tana amfani da wani sashe na hasken rana mai suna UVB ta haɗa bitamin D3. Da wannan bitamin ne hanji ke tsotsar kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko ka barbaɗa masa garin kalsiyam a kowane gyare, yawancinsa wucewa zai yi, sai jiki ya koma cire kalsiyam daga ƙashi don tsoka da zuciya su ci gaba da aiki. Ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya zama kamar roba, yatsu su fara rawa, ƙafafu su kumbura, daga baya ya riƙa jan ƙugu a ƙasa. Abin takaicin shi ne ɗan yakan ci gaba da cin abinci makonni yana kama da lafiyayye alhali ɓarnar na gudana.

Abin da za ka saya shi ne doguwar fitila siririya, samfurin da ake kira T5 HO, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na UVB, tare da mazauninta mai madubin mayar da haske. Sanannu biyu su ne ReptiSun 10.0 na kamfanin Zoo Med da Arcadia mai kashi 12. Tsawonta ya rufe rabin keji zuwa kashi biyu cikin uku. A kejin santimita 120, mai wat 24 da ke da tsawon kusan santimita 55 ko mai wat 39 da ke kusan 85 duk sun yi. Ƙananan kwayayen UVB masu murɗaɗɗen jiki da ake haɗawa da keji a matsayin kyauta ba su isa wannan dabba ba: haskensu ɗan da'ira ne, a kusa ya yi yawa, a nesa kaɗan babu.

Ka yi hattara da kalmar UV a kasuwa. Fitilar duba jabun kuɗi, da ta busar da farcen kwalliya, da shuɗiyar nan ta kashe sauro, duk ana ce musu UV kuma ba ɗaya da ke ba da UVB ɗin da ake buƙata. Mafi muni ita ce ta kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da asibiti, mai UVC, wadda ke ƙona ido da fata, na dabba da naka. In kwalin bai nuna an yi ta don dabbobi masu rarrafe ba, bar ta a shagon.

Sa fitilar a ɓangare ɗaya da kwan zafi, yadda duk lokacin da ya hau dutse zai samu biyun tare, ɗayan ɓangaren kuma ya zama inuwa. Nisa ana auna shi daga fitila zuwa bayan dabbar, ba zuwa ƙasan keji ba. In an ɗaura ta a ciki ba raga a tsakani, santimita 35 zuwa 45. In an ɗora ta a saman raga, ragar na cinye kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, sai a rage zuwa 25 ko 30. Kowane kamfani yana da jadawalin nisa a kwalinsa, bi nasa in ya saɓa da wannan. Kada gilashi ko roba su shiga tsakani, har da siririyar ledar da ke lulluɓe da madubin mazaunin sabo, wadda mutane kan manta ba su ɓare ba. Wanda ke da hali ya sayi na'urar auna ƙarfin UVB mai suna Solarmeter 6.5, ya nemi lamba 4 zuwa 6 a daidai inda bayan dabbar ke kasancewa.

Fitilar UVB tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya ƙare. T5 ana canza ta duk wata 12, tsohon samfuri mai suna T8 kuma duk wata 6. Rubuta ranar da ka sa ta da maka a jikin mazaunin. Kuma tunda a Legas ba kullum ake samunta ba, sau da yawa sai an yi oda daga waje, ka nemi ta canji tun saura wata biyu. A lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kanta da madubin. Kashe, bari ta huce, goge da busasshen ƙyalle duk mako.

Idan kejin ya yi maka duhu-duhu duk da fitilun biyu, ƙara farar fitilar LED mai lamba 6500K, wato mai farin haske irin na rana. Haske mai yawa yana ƙara masa kuzari da cin abinci. Wannan ƙari ne, ba madadin UVB ba.

Mataki na huɗu: ɓangaren sanyi da laima

A wajenmu wannan ya fi haɗa zafin wuya. Ɓangaren sanyi ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 29 da rana. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗakuna da yawa a Legas suna wuce haka tun ba a kunna komai ba. In ma'auninka ya nuna sama da 30 a can, fara da abin da ba ya cin kuɗi: buɗe ramukan iska, kunna fankar ɗaki, rage ƙarfin kwan, sa maɓoya mai duhu da ƙasan tayil a kusurwar nesa. In ya kai 32 ya tsaya, kashe kwan zafi daga azahar zuwa la'asar ka bar UVB kaɗai. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ya fi sauƙin sarrafawa, domin tana rage zafi da laima lokaci guda, sai dai kada iskarta ta riƙa bugun kejin kai tsaye.

Laimar da ake so a keji wajen kashi 30 zuwa 40 ce, in ta ɗan haura zuwa 50 ba laifi. A damina, musamman Yuni da Yuli, iskar Legas kan wuce kashi 80. Fitilu na busar da keji da rana, amma da dare laimar ta dawo. Laima mai yawa a keji marar iska tana kawo ciwon huhu da cutar fata. Don haka ba a fesa ruwa a ciki, ba a shimfiɗa ƙasar lambu ko ɓawon kwakwa ko garin katako. Takarda ko tayil sun fi wa ɗan ƙarami, kuma ba zai haɗiye su tare da abinci ba. Kwanon ruwa ƙarami ne, a ɓangaren sanyi, ba ƙarƙashin fitila ba. Nemi ma'aunin dijital mai nuna zafi da laima tare.

Dare kuwa bai da wahala. A kashe komai, duhu sosai. Ƙadangaren yana jure sanyi har zuwa digiri 18, kuma ɗakin Legas da wuya ya sauka ƙasa da 20 ko a tsakiyar hunturu. Jan kwan dare da shuɗi da ake tallatawa hana shi barci suke yi, yana ganinsu sarai.

Mataki na biyar: lokaci, da matsalar wuta

Awa 12 haske, awa 12 duhu. Legas na kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen bakwai saura ta faɗi wajen bakwai saura duk shekara, don haka kunna da ƙarfe 7 na safe, kashe da 7 na yamma. Sa fitilun a kan tayima, wato na'urar kunnawa da kashewa a kan lokaci, amma ta dijital mai ɗan batir a ciki. Mai juyawa kamar agogo tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kwana biyu sai ka tarar tana kunna fitila tsakar dare.

Abinci yana bin fitila. Bari ya sha zafi aƙalla awa guda da safe kafin ka ba shi na farko, na ƙarshe kuma ya zama saura awa biyu a kashe. Cikinsa ba ya narkar da abinci sai da zafi. In an ɗauke wuta da safe ba ka san lokacin dawowarta ba, jinkirta ciyarwa.

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma da yawa daga cikin fitilun da ake yo oda ko ɗan'uwa ke kawowa tsaraba irin su ne. Duba rubutun jikin kwan zafi da na mazaunin UVB kafin ka soka. Na Ingila da Turai sun dace da wutarmu. Sa komai a bayan sitabilaiza ko abin kare tashin wuta, domin hawa da saukar wuta ne ke kashe waɗannan kayan kafin lokacinsu.

Kwan wat 75 da fitilar wat 24 sun kama kusan wat 100, wato yunit 1.2 a awa 12, kusan yunit 36 a wata. Ƙaramar inbata ko sola na ɗaukar wannan ba wahala, kuma ga wanda unguwarsu ba ta samun wuta da rana, lissafin nan ya kamata a yi shi kafin a sayi dabbar. Rasa fitila na kwana ɗaya ko biyu ba zai cutar da shi ba a zafin Legas. Rasa ta rabin kowane mako zai cutar. In janareta ne, hayaƙinsa kada ya kusanci ɗakin. Haka maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, a fitar da kejin ko a bar ɗakin ba magani.

Hasken rana na waje shi ne babbar ribar da muke da ita. Fitar da shi a kejin raga, ba na gilashi ba, ba bokitin roba ba, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe, minti 20 zuwa 30, rabin kejin a rufe da kwali don inuwa. Ka tsaya a wurin, saboda kyanwa da shirwa, da kuma saurin da ɗan ke yi in ya firgita. Simintin tsakar gida da ya sha rana yana wuce zafin da ake so, taɓa shi da bayan hannu kafin ka ajiye. A makon da wuta ta yi wahala, wannan ne zai cike giɓin, sai dai a damina hadari kan rufe kwanaki a jere, shi ya sa ba ya maye gurbin fitila.

Abin da dabbar ke nuna maka

Haɗa komai ka gwada kwana biyu ko uku kafin ka kawo shi, kana aunawa safe, azahar da dare. Bayan ya shigo, halinsa ne ma'auni na biyu. Lafiyayye yana hawa dutse da safe jikinsa duhu-duhu, ya baje, bayan wani lokaci launinsa ya washe ya sauko neman abinci, wuni yana kai-komo tsakanin zafi da inuwa. Buɗe baki a kan dutse ba matsala ba ce, hanyar rage zafi ce. Buɗe baki a ɓangaren sanyi, ko karce gilashi yana neman fita, ko maƙalewa a kwanon ruwa, alamar keji ya yi zafi gaba ɗaya. Wanda ya wuni ƙarƙashin kwan bai sauka ba, launinsa bai washe ba, cinsa ya ragu, dutsensa bai kai zafin ba. Wanda ke ƙin hawa dutsen kwata-kwata, auna, wataƙila ya wuce 45. Runtse ido ko kumburinsa bayan an sa sabuwar fitila yana nufin ta yi kusa ko ba ta kirki ba ce: kashe ta nan take, duba nisa da kwalin.

Sabon zuwa yakan ƙi abinci na 'yan kwanaki saboda baƙunta, kada wannan ya sa ka fara canza fitilu in awonka daidai ne. Amma rawar yatsu, laushin muƙamuƙi, jan ƙafafun baya, majina a baki ko ƙara a numfashi, waɗannan na likitan dabbobi ne, wanda ya saba da masu rarrafe, kuma a ranar. Tafi da kwalin fitilar, da ranar da ka sa ta, da lambobin zafi da laimar da ka auna, domin su zai fara tambaya.